Igiyar Nasidi a Sabuwar Tunga

Ranar da na dawo gida daga karatu a Kudu, motar Talata Mafara ta ajiye ni a bakin wani gari da ban taɓa gani ba, aka ce mini shi ne namu. Na bar Tungar Bawa a gefen gulbi da tsamiyarta da kukokinta. Na dawo na tarar an datse gulbin a Bakolori, ruwa ya shanye garin, an kwashe mutanenmu zuwa kan tudu. Layuka ne a miƙe, kowane gida kamar na kusa da shi, babu itacen da ya kai tsayin mutum. Na tambayi wata mata inda gidanmu yake, sai ta nuna ƙasa da baki.

"Bi igiyar ga. In ta kai ka masallaci, ka yi tambaya."

Igiyar rama ce a ɗaure kan gajerun turaku, ta ratsa layukan a karkace kamar ba ruwanta da su. A ƙarƙashinta ƙafa har ta fara fitar da hanya. Ta Baba Nasidi ce, makahon garinmu. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji, da bakin matarsa Taibatu, da na taubashinsa Sallau, wanda ba ya ba da labari sai da ƙari.

Kakan Nasidi ne ya sari Tungar Bawa. Maharbi ne daga wajen Bakura, ya biyo nama har bakin gulbi, wurin ya kwanta masa, ya kafa bukka a kan wani ɗan tudu. Tsofaffi sun ce hanyar farko a garin jakinsa ne ya fitar da ita, garin zuwa shan ruwa da dawowa. Daga nan duk wanda ya zo sai ya nemi izinin wanda ya riga shi, ya kafa dangarsa a jikin ta ɗan'uwansa ko surukinsa. Shi ya sa babu lungun da ya miƙe. Amma kowace karkata da dalilinta: nan an kauce wa suri, can an bar wa kuka wuri, gaba kaɗan wasu 'yan'uwa ne suka yi faɗa, ɗaya ya juya ƙofarsa.

Cutar agana ce ta ɗauke idanun Nasidi tun yana ƙarami. Uwarsa ta hana a riƙe masa sanda. Ta ce garin kakansa ne, ya koya shi da ƙafa. Ya kuwa koya. Ya san inda yashi ke ƙarewa laka ta fara, ya san saiwar tsamiya da ta tsallaka hanya, ya san ya iso gidan Hindu in warin daddawa ya tare shi, maƙera kuma ba ta buƙatar sanarwa. Babban jagoransa shi ne gulbi. Rani da damina yana jin motsinsa, in ya sa shi a kunnen hagu ya fuskanci masallaci, in ya sa shi a dama ya nufi gida. Baƙo ya sha tare shi ya tambaye shi hanya, sai sun rabu wani ya gaya masa da makaho ya yi magana.

Sana'arsa tufka. Igiyar guga, da ta talala, da dabaibayi, da wadda ake ɗaure tsaiko, duk daga cinyarsa suke fitowa, na rama da na kaba da na ɓawon kuka. Fulanin Janbako kan aiko masa takanas. Da igiya ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma in kana so ka ga fushinsa, ka kama masa gwiwar hannu za ka tsallakar da shi.

Da rani aka kwashe su. Manyan motoci suka zo, aka loda tukwane da ƙyaure da tsofaffi. Wurin da aka kai su, katafila ta riga ta bi ta kankare shi tas, ba itace, ba suri, ba ko kututture, sai jar marmara da tsakuwa. An kafa turaku an ja layi, inda aka nuna maka nan ne naka. Ba a duba wa ke maƙwabtaka da wa ba. An kuma haɗa su da mutanen wasu ƙauyuka da ruwan zai ci. Hindu ta faɗa can gabas, maƙeri ya faɗa yamma, wanda ya zama maƙwabcin Nasidi bai taɓa jin muryarsa ba.

Bayan an ɗan natsu, wata rana da azahar ya ji kiran salla, ya ɗauki sandarsa ya fita yadda ya saba. Ya ce mini tun daga taku na farko ya ji abin bai yi ba. Ƙasar iri ɗaya ce ko'ina, ba gangara, ba hawa, ba inuwar da za ta taɓa masa fuska ta gaya masa ya zo wuri kaza. Iska ta ɗebi kiran sallar ta jefa shi nan, ta jefa shi can. Ya karkata kunne neman gulbi, babu gulbi. Ya yi gaba, sandarsa ta faɗa sarari, ya ja da baya da sauri. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, garin cike yake da irinsu. Ya juya zai koma gida, sai ya gane bai san inda ya juyo ba.

Nan ya tsaya cikin rana. Ya kira Taibatu, muryarsa ta tafi ba ta dawo ba. Gumi ya jiƙe masa riga. Can sai ya ji takun mace, ta kama hannunsa ta buɗe, ta sa masa wani abu mai sanyi.

"Ungo, malam. Sadaka."

Dunƙulen fura ne. Ba 'yar garinmu ba ce, ba ta san shi ba, makaho ta gani a tsaye a rana ta yi abin da ake yi.

A haka Sallau ya same shi bayan an idar da salla, furar na hannunsa ta fara narkewa.

"Kai, bawana! Sabuwar sana'a munka samu? Ashe ni zan riƙe maka sanda mu raba!"

Nasidi ya sunkuyar da kai. Duk tsawon zamansu bai taɓa barin maganar Sallau ta faɗi ƙasa ba tare da ya mayar masa da wadda ta fi ta ba. Sallau ya dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya masa. Ya kama gwiwar hannunsa, shi kuma ya bari aka kama. Ashe tsakaninsa da ƙofar gidansa bai wuce jifa da dutse ba.

Daga ranar ya daina fita. In ya zo bakin zaure sai ƙirjinsa ya hau bugawa, numfashi ya gagara, ya dafa bango ya koma. Salla a ɗaki. Ramar da Taibatu ta jiƙa masa ta bushe a ƙwarya, ta sake jiƙawa, ta sake bushewa. Fulani suka zo neman igiya suka koma. Abin da yake tsoro, in ji shi, ba ramin ba ne. Yana tsoron wannan hannun da ya buɗe nasa. Ya ga ƙarshensa a bakin kasuwa, ana wucewa ana jefa masa.

Mutane suka ce iskokin wurin ne, katafila ta tumɓuke musu itatuwa ba a yi musu sallama ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni dai da na bi labarin gida gida, na lura ba shi kaɗai ba ne. Masu ido ma sun sha yin sallama a gidan da ba nasu ba. Mata sun daina aiken yara da tsakar rana. Tsofaffi da dama sun kwanta ba wani ciwo da za a nuna, wasu ba su tashi ba. A tsohon gari in ka yi ihu ka san wanda zai fara fitowa, ka san da me zai fito a hannu. A nan ba wanda ya sani. Kowa na ɗauke da wannan a ciki, a jikin Nasidi ne kawai ya fito fili.

Sallau ne ya samo dabara, kuma dabarar ce ta kusa kashe Nasidi. A lokacin ruwa bai iso tsohon garin ba, mutane na komawa kufai su ciro azara da sauran itacen gini. Wata safiya ya ja jakinsa har cikin gidan.

"Tashi, kasar ɗaka. Ko gawa akan fitar da ita ta sha iska."

"Ina za ka kai ni?"

"Gidan kakanka. Ni na gaji da ganin wagga fuska taka awa an jiƙa ƙanzo."

Ya ɗora shi a jaki suka gangara. Tsakanin tudu da tsohon gari akwai fadama da wani kwazazzabo, ana tsallakawa ta burtalin shanu, inda ƙasa ta ɗan tashi kuma akwai duwatsu. Suna haye burtalin Nasidi ya ce a tsaya. Ya sauka, ya cire takalmi. Sallau ya ce da idonsa ya ga mutumin ya miƙe kamar an zare masa ƙaya a baya. Ya bi lungu ba sanda, yana kiran gidaje da sunan masu su, ga bango a rushe, ga rufin an kwashe, shi kuwa har sallama yake yi.

Abin ya zama al'ada. Duk bayan 'yan kwanaki Sallau ya kai shi da safe, ya tafi harkarsa, ya ɗauko shi da la'asar. A can yake sassaƙo ɓawon kuka, ya zauna a kangon zauren kakansa ya yi tufka har ya manta da yunwa. Igiya ta dawo gidan, abinci ya fara shiga. Taibatu dai hankalinta bai kwanta ba.

"Malam, an ce ruwan na tahowa."

"Ke, gulbin ga tun zamanin kaka bai taɓa wuce tsamiya ba. In zai cika, ni ka fara ji. Sai ya yi ruri kwana guda kahin ya iso."

Gaskiya ya faɗa, irin gaskiyar da duk ɗan bakin gulbi ya sani. Cikowa daga sama take zuwa, da ƙara, da kumfa da karmami, bayan an tafka ruwa. Ta kwana biyu ta janye. Babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ke tasowa daga ƙasa, ya biyo gulbi da baya, shiru, rana na haske, kuma ba ya komawa.

Damina ta yi nisa. Ran da abin ya faru gari garau yake. Da suka zo burtali da safe, ruwa ya ɗan rufe kofaton jaki. Sallau ya ce na sama ne da ya kwanta. Ya sauke shi, ya ce zai je suna a Tsibiri.

"Kada ka cinye naman mutane ka manta da ubangidanka," in ji Nasidi.

"In na manta, aljanun kufai su yi maka tuwo."

Nasidi ya zauna ya kama aiki. Igiyar guga yake tufkawa, doguwa, wadda ya daɗe yana ƙara mata tsawo saboda rijiyoyin tudu zurfi gare su. Wajen hantsi ya ji tururuwa na hawa ƙafarsa. Ya karkaɗe, wasu suka hau. Ya shafa bango, ya ji shi cike maƙil da su a tafin hannu, duk sama suke yi. Ɓera ya bi ta kan cinyarsa bai ko ji tsoronsa ba. Sai kwaɗi suka fara kuka a wajen maƙera, inda ba a taɓa samun ko ɗigon ruwa ya kwana ba.

Ya ajiye tufkar ya saurara. Gulbi ya yi shiru. Motsin da ya tashi da shi a kunne tun yana yaro, wanda ko barci yake yana jinsa, babu shi. Sai wani ɗan lallausan sauti, kamar kare na lasar ƙwarya, kuma ta ko'ina yake zuwa.

Ya tashi ya nufi hanyar burtali. Bai wuce gidan Hindu ba ƙafarsa ta shiga ruwa. Ya ce ko hanya ya ɓata, ya dawo ya bi ta bayan masallaci. Ruwa. Ya bi ta wajen tsamiya. Ruwa, har da wani abu mai santsi da ya goge masa idon sawu ya wuce. Ya koma zauren da gudu, yana tuntuɓe a garin da bai taɓa tuntuɓe a ciki ba. Ya yi ihu, ya kira Sallau, ya kira sunayen mutanen da ya san sun tashi, har da waɗanda suka mutu. Can gefe wani bango ya jiƙu ya zube cikin ruwa, ƙarar ta sa ya durƙushe.

Ya kafa wani kara a inda ruwan ya tsaya a ƙofar zaure, ya yi salla a birkice, ya dawo ya lalubi karan. Ruwan ya wuce shi. Ya gane in ya zauna jiran la'asar, a nan za a zo a tarar da shi, in an tarar.

Ya ce mini ya daɗe a tsugune yana rawar ɗari cikin zafin rana. Abin da ya tashe shi wani ɗan tunani ne. Ruwan ya rufe garin, amma ai bai ɗauke shi ba. Ƙasar na nan a ƙarƙashi. Shi kuwa dama bai taɓa ganinta ba.

A ƙofar zauren akwai tsohon turken jaki, na ƙirya, wanda ake cewa kakansa Bawa ne ya kafa shi. Ya ɗaure bakin igiyar a jiki, ya ja ya ji ta kama, ya rataya sauran a kafaɗa. In ƙafa ta ɓace masa, igiya ta mayar da shi. Ya yi bisimilla ya shiga.

Ruwan ya kama idon sawu, ya kama ƙwauri. Yana tafe yana warware igiya, yana jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa. Yashi ya ƙare laka ta fara, a daidai inda ya kamata. Babban yatsansa ya daki saiwar tsamiya, ya ce bai taɓa jin daɗin tuntuɓe irin na ranar ba. Ya san akwai rijiya a hagu, ba murfi, don an cire itacen bakinta, sai ya manne da guntun bangon dama har ya wuce. Ruwan ya kai gwiwa. Karmami da tarkace suna manne masa, kowanne ya taɓa shi sai ya ɗauka maciji ne. Ya taka dutsen da maƙeri ke zama a kai. Ruwan ya kai ƙugu, sanyinsa ya sa haƙoransa suka fara haɗuwa. Ya gangara fadama, laka na riƙe masa ƙafa, har tafinsa ya ji duwatsun farko na burtali.

Nan igiyar ta ƙare. Ya ja, ta miƙe, babu sauran ko kamu ɗaya. Ruwa na ƙirjinsa. Kuma daidai nan sanin ƙafarsa ya tsaya, domin burtalin a kan jaki yake haye shi, da can ma bai cika zuwa ba. Ya san dai yana da ɗan lanƙwasa, kuma dama da hagu kwazazzabo ne da zai shanye raƙumi. Ya riƙe bakin igiyar da hannu biyu. Gaba ba ya yiwuwa, baya kuma ya san abin da ke jiransa. Ya tsaya yana salati da ƙarfi, ruwan na lasar masa haƙarƙari yana ƙara hawa.

A can sabon gari, Taibatu na daka da rana sai wani makiyayi, Buba, ya tsaya neman ruwan sha. Cikin hira ya ce ya fasa gangarawa da shanu, fadamar Tungar Bawa ta zama tafki. Ta ce masa ya kira maza. Ita kuwa ta fita da gudu ba mayafi, sai da ta yi nisa ta lura taɓaryar na hannunta.

A bakin ruwan ta tarar da Sallau, ya dawo daga suna, ya jiƙe sharkaf. Ya gwada shiga, ya kauce wa burtali, ya nutse har kai, da ƙyar ya kamo wata geza ya fito. Can nesa suna hango kan mutum da kafaɗu, ba ya motsi. Sallau na ta kwarara kira, iska na dawo masa da shi.

"Ba shi ji na, Taibatu! Wallahi ni na kashe shi. Ni na kawo shi!"

"Yi min shiru," ta ce. "Ina bakin burtalin yake?"

Ya nuna mata inda duwatsun suka fito daga ruwa. Akwai wani gungumen itace da aka yar a wurin. Ta sa shi ya mirgino shi daidai bakin duwatsun, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga taɓarya ta fara daka a kansa.

Nasidi ya ce da farko ya ɗauka bugun zuciyarsa ne. Sai ya ji an jefa taɓarya sama an tafa hannu an cafe. A duk Tungar Bawa mace ɗaya ce ke yin lugude da wannan ɗan jinkirin kafin tafi na biyu. Da shi yake gane gidansa tun tana amarya. Ƙarar ba ta yawo kamar murya, daga wuri ɗaya take fitowa, gaba da shi, ɗan dama kaɗan.

Na tambaye shi ko sakin igiyar ya yi wuya. Ya ce yatsunsa ne suka ƙi buɗewa, sai da ya sa haƙori ya ciji hannunsa.

Ya saki. Ya sa dakan a tsakiyar goshinsa, ya miƙa ƙafa yana neman dutse, in ya samu ya jawo ɗayar. Ruwan ya kai wuya. Sau ɗaya ƙafarsa ta zame ya sha ruwa, ya rasa ko'ina, ya tsaya cak da baki a sama har ya sake kamo ƙarar. Taibatu ba ta tsaya ba, tafin hannunta ya fashe ba ta sani ba. Sannu a hankali ruwan ya sauko ƙirji, ya sauko ciki. Sallau ya faɗa ciki ya rungumo shi yana kuka kamar yaro.

Da suka zube a kan tudu, Nasidi ya amayar da ruwa, ya daɗe yana haki. Maganar farko da ya yi ita ce, "Ina naman sunan?"

"Allah ya tsine wa naman suna," in ji Sallau.

"Ka cinye ke nan. Na sani."

Lokacin da maza suka iso, sai dai suka taya ɗora shi a jaki. Kafin a yi kwana nawa ko kan tsamiyar ba a gani sosai.

Ya yi jinya, zazzaɓi ya kama shi. Taibatu ta ɗauka shi ke nan, ɗaki ya ci shi gaba ɗaya, tunda yanzu babu kufan da za a kai shi. Amma da ya warke sai ya ce ta jiƙa rama. Ya tufka igiya, ya sa aka kafa turke a ƙofar zaure, ya ɗaure. Tsoron na nan, ta ce tana ganin rigarsa na rawa. Ya fita iya tsawon igiyar, ya shafa ƙasa da ƙafa, ya dawo. Washegari ya ƙara tsawo. Inda ya iske rami sai ya kauce, ya kafa turke. Ita kuma duk lokacin da ya fita sai ta sami abin dakawa, ko babu hatsi a turmin.

Da haka igiyar ta kai masallaci, wani reshe ya kai rijiya, wani ya kai gidan Sallau. Ba kowa ya so ba. Jakin wani ya harɗe ya zubar da kaya, aka yi ta faɗa. An sha yanke wani yanki a yi guga da shi, shi kuma ya gane tufkarsa a bakin rijiya ya yi ta masifa. Wani ya ce ta ratsa masa fili, sai da liman ya sa baki. Amma mata masu ɗebo ruwa suka ga bin igiyar ya fi, don ba rami a kanta. Yara suka bi, awaki suka bi. Mai ƙosai ta dasa kaskonta a inda rassan suka rabu, sai ga wari da zai gaya masa ya zo mararraba. A wasu turakun ya sa aka soka rassan cediya, kaɗan suka kama, awaki suka cinye sauran.

Shekaru bayan dawowata ya kwance igiyar da kansa, ya ce ƙafarsa ta haddace. Hanyar na nan, a karkace, har masu babur ita suke bi. Gabashin garin dai bai taɓa koyonsa ba har ya rasu, kuma ko da wasa ba a kai shi bakin tafkin. Masunta sun zo sun zauna, kifi ya yi araha, shi kuwa ba ya ci. In ya ji an zuba ruwa a ƙasa ba zato, sai ka ga ya ɗaga ƙafa. Kuma ko masallaci za shi, akwai 'yar igiya a naɗe a kafaɗarsa.

Wata rana kafin rasuwarsa muna zaune a inuwar cediyar ƙofar gidansa, Sallau ya ja igiyar.

"Wai wagga ta mi ce kuma? Ka san hanya, ka hi mu sani. Ko jaki kaka nema ka ɗaure?"

"Na samu tun tuni," in ji Nasidi. "Shina nan zaune kusa da ni."

Ya karɓe abarsa ya mayar kafaɗa, ya ɗan karkata kunne wajen cikin gida. Da ya ji taɓarya ta sauka a turmi, sai ya miƙa ƙafa ya ci gaba da tufka.